Sati ukun da na cinye wa Baba

Shekarun baya can, lokacin ina ji da kaina a harkar kwamfuta, na yi wa mahaifina wani karambani da har yau yake ci mini rai.

Baba yana da tsohuwar kwamfutar tebur a zaurenmu na Fagge. A cikinta yake rubuta tarihin gidanmu, tun daga tasowar kakanninmu daga Borno. Likita ya riga ya gaya masa idanunsa tafiya suke yi, kuma ba za su dawo ba. Shi ya sa kullum da hantsi yana gabanta, yana laluben haruffa ɗaya bayan ɗaya, yana so ya gama da hannunsa.

Ni kuwa jinkirinta ne ya dame ni. Na tafi Sabon Gari wajen wani mai gyara, Ibo haifaffen Kano, na sayo firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai gudun gigahaz uku don in maye gurbin tamu mai ɗaya da ɗigo takwas. Ya haɗa mini da wani farin mai a 'yar sirinji.

"Kawo injin in sa maka mana," in ji shi.

Na ce, "Haba oga, wannan har aiki ne?"

Man nan na ɗauka ihisani ne irin na 'yan kasuwa, na jefa shi aljihu. Da na buɗe kwamfutar na ga wani busasshen abu a ƙarƙashin fanka, na ce datti ne, na goge shi tas, ina yaba wa kaina. Ashe irin man nan ne, shi ne ke kwashe zafi. Na sa sabuwar firosesar na kunna, minti biyar ta mutu. Na kunna, ta sake mutuwa. Ban daddara ba sai da na ji ƙauri.

Mai gyaran yana buɗewa ya ce, "Malam, ina man da na ba ka?" Na zaro shi daga aljihu, ko hula ban cire masa ba. Ya girgiza kai. "Ka ƙona bod, uwar injin gaba ɗaya. Irin wannan tsohon sai an aiko daga Legas. Sati uku."

Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Wa ya ce maka saurinta nake nema? Ai ita take jira na."

Ranar da aka dawo da ita, rubutunsa yana nan lafiya. Ya matso da fuskarsa har tana neman taɓa gilashin. Na ƙara girman haruffan, na sake ƙarawa. Duk da haka bai gani ba, sai ya ja kujerarsa baya.

"Zauna nan. Zan faɗa, ka rubuta."

Haka muka ƙarasa a wata huɗu.

Ban sani ba ko da sati ukun nan zai iya gamawa da kansa. Ban tambaye shi ba har ya rasu, kunya ta hana ni. Abin da na gane shi ne, ban taɓa tsayawa na tambayi mai abu me yake buƙata ba, abin da ya dame ni kawai na bi.

Littafin yana wurina. Shafi arba'in da ɗaya na farko cike suke da kurakuran bugu, nasa ne. Ƙannena sun sha cewa in gyara kafin a buga. Ban taɓa ko harafi ɗaya ba.