Saniyar da ke Jikin Gwangwani

Shekara ashirin ke nan da rasuwar Hajo, ƙawata, amma idan na tuna ta, bazarar shekarar fari nake gani. Sama ta yi fari fat, gajimare ya zo ya leƙa Tanout ya wuce. Hajo ta sauko daga Tenhya bayan shanunsu sun ƙare, ta yi bukka bayan danganmu.

Lokacin na yaye ɗana Sani. Madarar gari ta taimako nake dama masa, daga gwangwani mai hoton saniya ƙosassa tsaye cikin ciyawa kore shar. Mukan zauna mu yi ta kallonta kamar mafarki. Yaro yana sha yana ramewa, har gurun hannunsa ya fara zamewa.

Wata rana Hajo ta ɗanɗana ta ce, "Ƙawa, saniyar nan ƙibarta ta kanta ce. Juya mana bayanta, ke da kika yi yaƙi da jahilci."

Na juya. Baƙaƙen na san su, maganar ce Faransanci. Na haɗa su ɗaya bayan ɗaya, na riƙe kalma guda a baki, muka tafi likita ina ta maimaita ta kada ta zube a hanya. Wata malamar jinya ta saurara ta ce ma'anarta an kwashe mai.

Hajo ta tafa hannu. "Ashe tsala ce! Har Nasara ma yana kaɗe nono ya ɓoye man?"

Malamar ta yi dariya, ta ce a riƙa zuba man gyaɗa da ɗan sukari cikin kunun yaron.

Yau kantuna sun cika da fakiti masu hotuna. Jikata, 'yar Sani, takan karanta mini bayansu: wannan sukari ya yi yawa, wannan gishiri. Nakan ce da Hajo na nan, da ta zaga kanti tana juya kaya kamar mai duba haƙoran raƙumi.

Ba ta bar saniya ko ɗaya ba. Abin da ta bari shi ne hannuna da ba ya ɗaukar gwangwani sai ya juya shi.

Washegarin zuwanmu likita, na dama kunu, na ɗiga mai, na juya saniyar ta fuskanci bango. Sani ya shanye, ya miƙo ƙoƙon.