Hannun Baba a Kafaɗar Kyaftin

Mahaifina ne golan farko da Jibiya ta taɓa yi, kuma duk wanda ya ce ba haka ba ƙarya yake. A makaranta a Katsina ya koyi tsaron raga, wurin wani malami Bature mutumin Wales, wanda ya ce shi ma ya taɓa bugawa a garinsu kafin gwiwa ta hana shi. Abu ɗaya ya cusa wa Baba a kai: ragar da aka ba ka amana ce, ko ta wace ƙungiya ce.

A wancan zamani, bayan an gama girbi, samarin ƙetaren iyaka sukan zo mu kara da su. Wata shekara suka iso ba gola, nasu zazzaɓi ya kwantar da shi. Al'ada kuwa ba a barin baƙo da rashi. Kyaftin ɗinmu, wanda yanzu ya zama Alhaji mai tumbi da manyan motoci, shi da bakinsa ya ce Baba ya je ya tsare musu. A lissafinsa ɗan gida zai sakar wa 'yan gida hanya. Baba kuwa ya kama duk abin da aka buga, har da fanaretin kyaftin, a gaban 'yan matan gari. Aka ci Jibiya ɗaya da nema.

Tun daga ranar kyaftin ya laƙaba masa maci amana. Baba bai sake saka rigar ƙwallo ba. Ya ƙare rayuwarsa yana facin taya kusa da shingen kan iyaka, motocin mutumin nan suna wucewa ta gabansa ko hon babu. Na tsani Alhajin nan tun ina ƙarami, kuma girma bai rage mini komai ba.

Da idon Baba ya mutu, sai muka ji an wanke tsohon hoton ƙungiyar farko, an ƙara masa girma, Alhaji ya sa an rataye a gidan kallon ƙwallo. Baba ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ba abin da yake so a duniya irin jikokinsa su ga shaida cewa ya taɓa zama wani abu ban da mai faci.

Ya ce, "Tahi ka gano mani. Ina daga gehen dama, kusa da kyaftin."

Na je. Mutum goma ne a hoton. An datse gefen dama da almakashi kafin a wanke, amma mai datsewar bai iya aikinsa ba: yatsu huɗu sun rage a kan kafaɗar kyaftin. Na san su, har da ɗan ƙaramin da ya karye ya lanƙwashe.

Alhaji na zaune a ƙofa ana yi masa fadanci. Na ce, "Alhaji, ƙwallon zamaninku da mutum goma aka yin ta?"

Ko kallona bai yi ba. "Gara ta ci wurin, yaro."

"Lallai garar ga ta iya almakashi."

Aka yi mini ca, wai ba ni da kunya. Rashin kunyar kuwa na yi ta, kuma da za a maimaita sai na ƙara.

A hanyar gida na shirya ƙarya tsaf. Amma da na tarar da Baba a kan tabarma, ya saka farar rigarsa ta Juma'a kamar yau za a ɗauki hoton, sai ƙaryar ta maƙale.

"Ina ciki?"

Na ce, "Baba, an yanke ka. Hannunka kaɗai ya rage, bisa kahwaɗatai."

Ya shafa lanƙwasasshen yatsan nan. Can ya ce, "Na dama ko?"

"Na dama."

"To, a bar shi nan. Shi ne ya kama fanaretin."