Fuskar da Yefim Lukich Ya Je Nema a Kremlin

Shekara goma sha tara muka yi da Yefim Lukich ƙofata na kallon tasa, a hawa na huɗu na wani tsohon bene a kudancin Mosko. Ni sunana Polina, ma'aikaciyar jinya ce a asibitin unguwa. Shi kuwa tsohon direba ne, na irin bas ɗin nan mai ƙaho biyu da ke jan lantarki daga wayoyin sama. Shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙi, kuma hanyarsa kullum ta gindin jar ganuwar Kremlin, tsohuwar fadar sarakuna, take bi, ya haye gada, ya juyo. Amma ko sau ɗaya bai taɓa sa ƙafa a ciki ba.

"In je in yi me?" yakan ce. "Na bakin kogi ba ya zuwa kallon ruwa. Wannan wurin na baƙi ne."

Ɗan ƙauye ne daga wajen Tambov. Ya shigo birni bayan ya gama aikin soja, da akwatin katako guda. Dogo ne siriri, mai dogon hanci da ya karkace hagu tun ranar da doki ya kayar da shi yana yaro. Matarsa Taisiya a masaƙa take aiki, gajeruwa ce mai surutu, kuma duk maganar gidan ita ke yi, nasa sai gyaɗa kai. 'Yarsu ɗaya, Lidiya, ta yi aure ta bi mijinta Habarovsk, can ƙarshen ƙasa.

Taisiya ta taɓa shiga Kremlin sau ɗaya tun suna da ƙuruciya, lokacin da masaƙarsu ta kwashi ma'aikata ta kai su kallo. Ranar Yefim yana kan aiki. Ta dawo tana ta dariya, wai ta gan shi a bango: a cikin wata majami'a, a jikin ginshiƙi, an zana wani waliyyi mai hanci irin nasa sak, har karkacewar. Daga ranar ya samu sabon suna. Ta bango nakan jiyo ta tana cewa, "Waliyyina, sauko daga ginshiƙi ka fitar mana da shara!"

Da ta rasu, gidan ya yi tsit. Yefim ya koma barin rediyo a kunne tun safe, ba don yana saurare ba. Yakan dafa miyar kabeji tukunya guda ya yi kwana huɗu yana ci. Abokan aikinsa suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, har ya daina zuwa jana'iza, wai ya gaji da zama shi kaɗai ne mai tuna sunayen mutane. Lidiya takan kira ran Lahadi, minti biyar. Sau biyu a mako yakan ƙwanƙwasa mini ƙofa in auna masa jini, alhali na san yana da na'urar awon a ɗakinsa, ni na saya masa.

Wata rana a watan Maris, dusar ƙanƙara ta fara narkewa, ya ƙwanƙwasa ba tare da ya naɗe hannun riga don awon jini ba.

"Maƙwabciya, ran Asabar kina da aiki?"

"Lafiya dai, Yefim Lukich?"

"So nake in je in ga mutumin nan na bango. Jiya na tuna, duk duniya ba wanda ya san zancen sai ni da ke."

Ba ni da aiki ran Asabar. Barci kawai nake so in yi, ga wanki ya taru. Na ce masa ina da aiki. Ya ce ba komai, ai ba yaro ba ne shi.

Bai ma jira Asabar ɗin ba. Ran Alhamis ya sa kwat ɗinsa ta zuwa biki, ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya je ya tarar da wurin a rufe. Ya zauna a benci cikin lambun da ke gindin ganuwa, ya ci burodinsa da dafaffen ƙwai, ya dawo. "Kin ji abin kunya," ya ce mini. "Har 'yan China sun san ba a buɗewa ran Alhamis, ban da ni."

Ran Asabar ya koma. Abin da ya faru a can, shi ya ba ni labari da yammacin ranar, muna shan shayi a kicin ɗina, hularsa a kan gwiwa.

Ya bi layi ya yanki tikiti, aka sa ya ajiye jakarsa a wurin ajiya, ya hau gadar da ke kaiwa ƙofar hasumiya. Yana shiga ya hango ƙubbobin zinariya ya nufe su kai tsaye, bai lura ya bar hanyar masu tafiya a ƙasa ba. Sai ƙarar usur. Wani ɗan sanda yana nuna masa layi da sanda.

"Polina, shekara talatin da huɗu ina tuƙi ba a taɓa busa mini usur ba. Sai yau, da ƙafa!"

A dandalin da majami'u suka kewaye, kowa da nasa: iyali, masoya, ayarin baƙi kowanne da jagoransa. Wasu saurayi da budurwa suka miƙa masa waya ya ɗauke su hoto. Ya ɗauka, suka duba, suka yi godiya, sannan ya ga sun miƙa wa wani ya sake ɗauka. Ya raɓi wani ayari yana sauraron bayani a kan wata ƙatuwar ƙararrawa da ta fashe tun ba a kaɗa ta ba, har jagorar ta dube shi ta ce, "Baba, da mu kake?" Ya ce a'a, ya ja baya.

Sai da ya shiga majami'ar farko ya gane girman aikin da ya ɗauko. Daga ƙasa har rufi fuskoki ne, ɗaruruwa, a bango, a ginshiƙai, a cikin ƙubba, duk masu dogon hanci. Kuma a shekara arba'in da wani abu bai taɓa tambayar Taisiya wace majami'a ce ba, balle wane ginshiƙi. Ya zagaya ta farko, ya zagaya ta biyu inda kaburburan sarakuna suke jere. Wuyansa ya ƙage, idanunsa suka riƙa ruwa. A ta uku jiri ya ɗebe shi, ya miƙa hannu zai dafa bango.

"Kai, bawan Allah! Ba a taɓawa!"

Ɗaya ce daga cikin dattijan matan nan da ke zama a kujera suna tsaron wurin, 'yar lukuta, da mayafin ulu a kafaɗa. Da ta ga fuskarsa sai ta tashi.

"Zauna nan. Ba a yarda ba, amma zauna. Idan ka faɗi a nan, ni za a sa in rubuta rahoto, ni kuwa ba na son rubutu."

Ya zauna. Ta ba shi alewa daga aljihunta. Ta ce tun ɗazu take kallonsa yana leƙa ginshiƙai kamar wanda akuyarsa ta ɓata, me yake nema? Ya yi niyyar ya ce ba komai, sai ya ji bakinsa ya kwashe labarin duka ya faɗa mata, har da zancen shara.

Ba ta yi masa dariyar raini ba. Cewa ta yi, "Juya gefe in ga hancin." Ya juya. "Tabɗi. Wannan ai ba a mantawa da shi. Tashi mu gani."

Sunanta Rimma. Ta ce shekara ashirin da biyu take zaune a majami'un nan, ta san fuskokin fiye da na maƙwabtanta. Ta nuna masa wani mai riƙe da takarda, ya ce a'a, wannan ya cika ƙiba. Ta nuna masa wani soja mai mashi, ya ce wannan kyakkyawa ne, Taisiya ba za ta yi wannan ƙaryar ba. Na uku yana can sama, ba ya iya hango shi sosai.

"Ka san an sha wanke bangon nan ana gyarawa," in ji ta. "Wani da ka sani da baƙar fuska sai ka ga ya fito fari. Ko kuma a wata majami'ar yake. Ko kuma matar taka tsokanarka kawai take yi."

Ya ce mini wannan bai taɓa faɗo masa a rai ba. Ya tsaya yana tunani, sannan ya ce mata, "Za ta iya. Allah ya jiƙanta, za ta iya." Dariya ta kama shi har ta koma wani abu daban, Rimma ta juya tana tsawata wa wasu masu ɗaukar hoto har ya gama share fuska.

Da zai fita ta ce, "Ka dawo ran Talata da safe, mutane ba su da yawa. Zan kasance a ƙaramar majami'ar can ta gefe, akwai wasu ginshiƙan. Kuma ka zo da tabarau na kirki, ba wannan na karanta jarida ba."

Ban taɓa ganin Yefim Lukich yana magana haka ba, ko lokacin da Taisiya na da rai. Shayinsa ya huce bai sha ba. Ran Litinin ya je ya yanko sabon tabarau, ya yi aski. Ran Talata na gan shi yana sauka da ƙaramin kwalin cakulan a hannu.

Bai same ta ba. Wata ce daban a kujerar, ta ce ita sabuwa ce, ba ta san kowa ba. A wata majami'ar aka ce masa Rimma biyu gare su, wacce yake nufi? Bai san sunan mahaifinta ba, bai san na danginta ba. Wata ta ce tana jin mai mayafin ulun ba ta da lafiya, an kwantar da ita, amma ba ta tabbata ba. Sau huɗu ya sake komawa kafin ƙarshen Afrilu, kowane zuwa da sabon tikiti. Cakulan ɗin daga baya ni ya kawo wa, ya ce in kai wa 'yan wurin aikinmu.

A lokacin ne na ce masa, "Yefim Lukich, ran Asabar mu je tare. Idona ya fi naka."

Ya girgiza kai. "Bari, maƙwabciya. Na gaji da ɗaga kai."

Da kaka ta shigo ya zame a matakala ya karye a ƙugu. Lidiya ta zo, ta yi mako uku, ta sayar da gidan, ta tafi da shi Habarovsk a keken guragu. Ba laifinta ba ne, hawa huɗu ne kuma ba mai ɗaukarsa.

Sau uku ya kira ni daga can. Ya ce an ba shi ɗaki mai taga, jikoki suna gaishe shi da ladabi kamar baƙo, kowa ya fita tun safe. A kira na ƙarshe, cikin Janairu, ya tambaye ni su wa suka shiga gidansa. Na ce wasu matasa ne, mata da miji, ba ruwansu da kowa, har sun sake wa ƙofar fenti.

"Wane launi?"

"Kore."

Ya ce, "To, ba laifi. Ki gaishe su."

A watan Mayu Lidiya ta aiko mini da saƙo cewa an binne shi a can.