Ruwan Tokar Gwaggo Hajara

Cikin duk shekarun da na yi a ɗakin gwaji, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce Litinin ɗin da na ƙi sa hannu a rahoton Dakta Sabo. Ku da kuka zo daga baya kun ji ana cewa ina da taurin kai, to ga mafarinsa.

A lokacin ni ne babban ma'aikacin ɗakin gwajinmu na Karaye, Dakta kuma shugaban bincike. Mu ke awo, mu rubuta abin da ya faru a littafin gwaji, shi ya haɗa rahoto, amma rahoton ba ya fita sai da sa hannuna. Aikinmu shi ne ƙona auduga a tanderun da iska ba ta shiga, ta koma zaren gawayi siriri. Kafin ƙonawa ana jiƙa ta da wani sinadari mai kaifi da ake kawowa daga waje, shi ke huda ƙananan ramuka a jikin zaren. Ramukan ne ke kama iskar kabon da injina ke fitarwa, mai ƙara wa duniya zafi. Mu ɗora zaren a sikeli, mu tura masa iskar, mu sake aunawa. Ƙarin nauyin shi ne abin da ya kama.

Da damina sinadarin ya ƙare, aka ce mu jira. Ni kuwa ban iya zaman jiran tsammani ba. Na je Gwangwan gai da Gwaggo Hajara, yayar mahaifina, na tarar tana tace tokar karan gero don miya. Na ɗanɗana na ji kaifin, na ce ai wannan dangin abinmu ne. Na roƙi jarka guda. Ta yi mini dariya, wai ashe boko a madafa zai ƙare.

Sau uku ina gwadawa, sau uku zaren ruwan toka yana fin na sinadarin waje da muka auna a baya kama iska. Na waje cin zaren yake, ramukan su yi faɗi, iskar ta shiga ta fice. Na Gwaggo a hankali yake hudawa.

Dakta ya yi murna har da tafi. Amma da rahoto ya zo gabana sai na ga sunan sinadarin waje, babu toka ko a gefen shafi. Na bi shi ofis. Bayan gaisuwa ya ce in fahimta, manya ne za su karanta, in suka ji toka za su raina mu. Ya kuma tuna mini takardar ƙarin girmana tana kan teburinsa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Ranka ya daɗe, toka na zuba, ita na rubuta a littafi. Duk wanda ya bi rahoton nan zai ƙona audugarsa a banza, ya kira mu maƙaryata."

Ya ce, "Malam Haladu, kai ne shugaba ko ni?"

Na ce, "Kai ne. Amma hannun nawa ne."

Washegari na sami takardar tuhuma, wai na yi amfani da abin da ba a amince da shi ba. Na amsa a layi biyu, na haɗa da shafukan littafin. Ƙarin girma ya wuce ni a shekarar, kuma ba zan ce bai yi mini ciwo ba.

Ashe Dakta ya riga ya nuna wa manya rahoton ba sa hannuna. Bayan kaka aka turo kwamiti su ga gwajin da idonsu. Sinadari ya iso, aka jiƙa da shi, awo ya ƙi kaiwa inda rahoton ya ce. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Dakta ya sa aka tato tokar mai shayin bakin titi, ita ma ta ƙi. Jarkata kuwa ta ƙare tuni.

Ranar Laraba Dakta ya ɗauke ni a motarsa sai Gwangwan. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gai da Gwaggo, ya zaro biro, ya tambaye ta yadda take yin tokar. Ta ce, "Karan gero zalla, ɗana, kuma tatar farko. Da ka tambaya tun fari ai da na gaya maka."

Rahoton ya fita da ruwan tokar karan gero a shafin farko, har da sunan Gwangwan.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan sikeli bai san muƙamin kowa ba. Ku rubuta abin da kuka zuba, ko daga madafar tsohuwa ya fito. Girman da na rasa ya same ni bayan shekara. Da na sa hannun nan kuwa, da yau ban iya ɗaga ido na dube ku ba.