Tsagar Fuskar Tsintau

Ranar wata Laraba, a kakar shekarar da na shiga aji huɗu, na dawo daga makaranta na tarar da baƙuwa zaune kan tabarma a gindin rumbunmu, ana ta sussukar gero a gefenta. Yaya Tabawa ce, yayar kakata Inna Kulu, ta zo daga wajen Mashi bayan shekaru ba su haɗu ba. Ban ko cire hijabin makaranta ba Inna ta ce in kawo littafi da fensir. Yaya Tabawa ta jawo ni kusa, ta ɗora ɗan yatsanta mai kaushi a kumatuna, tana jan layi a hankali tana faɗi, ni kuma ina zanawa a tsakiyar littafin lissafina. Tsagar fuskar mahaifinsu take nuna mini. Ni kuwa hankalina yana wajen ƙawayena da nake jiyo tafinsu a dandali, har ina ƙunƙuni a raina.

Mahaifin nasu Tsintau ake kiransa, kuma sunan ya faɗi duk abin da aka sani game da shi. A wata shekarar yunwa, farkon zamanin Turawa, wani manomi ya tsince shi a bakin hanyar fatake kusa da ƙauyenmu a ƙasar Baure, yaro ɗan shekara biyar da bai iya faɗin garinsu ba. Ya girma a gidan, aka yi masa aure, ya haifi mata biyu. Daga baya aka ɗebe shi cikin waɗanda aka tura aikin tilas na haƙar kuza, bai kuma dawo ba. Lokacin Inna tana 'yar shekara huɗu, ko kamanninsa ba ta riƙe ba. Babu hoto, babu kabari. Idan mata suka yi cacar baki a bakin rijiya, da wannan ake yi wa Inna gori. Ta sha ce mini, "Ko akuya an san garken da ta fito, ni kaɗai ce ban san gidan ubana ba." Ta ji labarin wani tsohon wanzami a Daura wanda in ya ga tsaga zai faɗi mutanen da ke yin ta, shi ya sa ta matsa wa yayarta ta zo ta nuna tsagar a zana.

Yaya Tabawa ta koma gida, kafin damina ta faɗi aka aiko mana da rasuwarta. Ni kuma rayuwata ta ci gaba kamar kullum: sharar tsakar gida da sassafe, kai wa Baba fura gona, yi wa tumaki ciyawa, carafke da 'yar gala-gala in an samu sarari. Ranar kasuwa ina tallar soyayyar gyaɗa. A wata kasuwar takardun ƙunshi suka ƙare mini, ga mai saye yana jira, sai na zaro littafina daga jaka na ɓalle tsakiyarsa na ƙunsa masa. Sai da na dawo gida na buɗe littafin na ga zanen ya tafi da gyaɗar.

Bayan mako biyu Inna ta sayar da ɗan akuyarta ta ce gobe sai Daura. Na ɓuya bayan rumbu na sake zanen da ka. Na tuna akwai bille, amma na kasa tuna ko a dama yake ko a hagu, layukan gefen baki kuma ban san ko uku ne ko huɗu ba. Na zaɓi uku don sun fi kyau a ido. Tsoron bulala ne kawai ya hana ni magana, ba wani abu ba.

Muka sami wanzamin a wani zaure kusa da Kusugu, yana wasa aska a tafin hannunsa. Ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce, "Baiwar Allah, in dai haka take, wannan tsagar maƙeran Rijiyar Kalgo ce, can ƙasar Damagaram." Inna ta rufe fuska da gefen mayafi ta yi kuka mai sauti a gaban mutane, abin da ban taɓa gani ba. A hanyar tasha ta saya mini alewa da sabon ɗankwali, tana ta sa mini albarka, tana cewa bokona ya yi rana. Na cusa alewar a jaka, ban sha ba.

Ba ta taɓa samun halin zuwa garin ba, amma daga ranar ta canza. In ta ji ƙarar maƙera sai ta tsaya ta gaishe su, ta ce danginta ne. Da wannan ta rasu, ni kuma ban buɗe baki ba.

Da na girma na zama malamar makaranta, sai na shiga neman gyara ɓarnata. Na je gidan ajiyar tsofaffin takardun mulkin mallaka, na kwana uku ina buɗa fayiloli masu warin ƙura, ban ga sunansa ko sau ɗaya ba. Na ƙetara iyaka har Rijiyar Kalgo. Maƙeran suka karɓe ni hannu biyu, suka yanka mini kaza, amma babu tsohon da ya taɓa jin an yi ɓatan yaro a gidansu. Ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. Wanzamin Daura ya daɗe da rasuwa, jikokinsa aski kawai suke yi da inji.

A da fuskar mutum takan faɗi gidansu, akwai kuma masu karanta ta. Yau yara fuskarsu sumul, abin da aka gaya musu shi ne asalinsu. Kwanan baya na ji 'yata tana gaya wa ƙawarta, cike da alfahari, cewa mu jinin maƙeran Damagaram ne, kaf danginmu ma haka suke faɗa yanzu. Na so in kira ta in faɗa mata gaskiya, sai na rasa wadda zan ba ta a madadin wannan. Wataƙila daidai na zana, wataƙila kuma ni na raba Tsintau da iyayensa karo na biyu.