Na Ƙirga Jan Bik a Kayen Ɗiyata

Ni dillalin wake da gyaɗa ne a Magariya. A shekarun da zan ba da labarinsu ina da sito biyu, ina da masu yi mini awo a Bande da Kwaya har Dungas, kuma ko tiya ɗaya ban gada daga kowa ba. Ban taɓa zama a lakwal, wato makarantar boko, ba. Abin da na iya shi ne in zura hannu cikin buhu, in ɗebo wake a tafi, in ƙirga waɗanda ƙwaro ya huda. Daga nan na san ko kayan na saye ne ko na bari. Abu guda ke ci mini rai: duk ranar da aka miƙo mini takarda a duwan, wurin 'yan kwastan, sai na nemi mai karanta mini. Na ɗauki alkawari ɗiyata ta fari ba za ta yi irin wannan tsayuwar ba.

Tana aji uku aka kawo musu sabon mushe, wato malamin aji. Kowace Litinin yakan ba su kalmomin Faransanci su haddace a gida, ran Juma'a ya yi musu dikte: yana faɗa suna rubutawa. Sai ya bi da jan bik, wato biro, ya ja layi ƙarƙashin kowane kuskure, ya ce a kai wa uba ya sa hannu. Ranar da ta fara kawo mini kayenta, littafin da take rubutu a ciki, na ga shafi cike da rubutu, ja ya ɓata shi wuri-wuri. Ban san abin da aka rubuta ba, amma ƙirga na iya. Na yi wa shafin abin da nake yi wa buhu, na samu ja goma sha ɗaya. Na ce mata daga yau kowane ja tsumagiya ɗaya ce a tafin hannu, kuma na cika maganata nan take. A hannun dama na yi mata, wanda take rubutu da shi.

Haka muka yi wata biyu. Uwarta ta ce mini yarinyar ba ta iya cin abinci ran Juma'a, in sassauta. Na ce mata ta tsaya kan tukunyarta, ni na san yadda ake gyara kaya. Bayan hutun farko ja ya soma raguwa: biyar, uku, daga baya ɗaya tak, wani dogo a ƙasan shafi. Na lura rubutun ma ya ragu, bai wuce layi biyu ba. Da na tambaye ta, ta sunkuyar da kai ta ce mushe ne ya rage musu. Da buhu ne aka kawo mini rabinsa wayam, ko a hannu na ɗaga sai na gane. A nan ban so in gane ba, domin ƙirgar ta yi mini daɗi. Na saya mata takalmi, na riƙa gaya wa abokan sana'a cewa ni da ban yi boko ba na fi mushe iya koyarwa.

Dab da ƙarshen shekara mushen ya same ni a bakin sito. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce Alhaji, sau nawa zai aiko a kira ni. Na ce ba wanda ya kira ni. Sai ya buɗe kayen ya nuna mini dogon jan nan, ya ce wannan ba kuskure ba ne, saƙo ne zuwa gare ni cewa in zo lakwal, yarinyar ta daina rubutu. Kuma ga sa hannuna a ƙarƙashi kowane mako. Ya koma shafukan farko ya ce a lokacin tana cikin na gaba a ajin, don ita ke rubuta dikte har ƙarshe, kuma duk mai rubutu da yawa dole ya yi kuskure. Nan na gane lissafin da ta yi. In ta rubuta duka, bulala goma. In ta ajiye bik, bulala ɗaya. Ɗiyar dillali ce, ta zaɓi mai sauƙi. Ni kuma saƙon da aka aiko mini don a cece ta, shi nake dukanta a kai, saboda girman kai ya hana ni in ce wa wani ya karanta mini.

Na karya tsumagiyar a ranar, amma ban gyara komai ba. Ta maimaita aji, na ɗauko mai koya mata a gida. Ya ce mini in da baki ne tana ba shi amsa daidai, da ya miƙa mata bik sai hannun ya ƙage. Ita da kanta ta gaya wa uwarta cewa in ta riƙe bik tafinta ke zafi. Shekara ta biyu ma ba ta wuce ba, ta bar lakwal. Yanzu ɗinki take yi, kuma ta iya, sai dai awon kayan mutane a ka take riƙewa, ba ta rubutawa. Tana gaishe ni, tana kawo mini ruwa, amma ba ta taɓa miƙo mini abu hannu da hannu ba. Ajiyewa take a gabana.

Iyaye irina da ba mu yi karatu ba, ku ji daga wanda ya yi ɓarna da hannunsa. Yaro ba buhu ba ne, kuma abin da ka ce za ka hukunta a kai, shi zai koyi ɓoye maka ko da karatunsa zai mutu. In an kawo kaye gida, ku je ku tambayi mushe, ko ku sa maƙwabci ya karanta muku. Kunyar minti biyar ce. Kayen nan yana cikin akwatina har yau. In na buɗe shi, shafukan da ja ya cika nake tsayawa a kai, domin a nan ne ɗiyata take karatu.