Jinyar Baba Ta Salula

Shekarar korona ciwon zuciya ya kayar da Baba. Ya kwanta a likita a Damagaram, Allah ya sa ya tashi. Aka ce ya riƙa zuwa sau biyu a mako, wata ma'aikaciyar jinya tana sa shi tafiya a hankali tana auna masa tansiyo, wato hawan jini. Yana son zuwa. Ya fi jin maganarta a kan tawa.

Ni ne na hana. Tsoron cutar ya cika ni, na ce ba zan bar tsoho mai ciwon zuciya yana cuɗanya da masu tari ba. Matar ta ce gara a riƙa ganinsa da ido, amma idan na dage za ta riƙa kiransa ta salula duk Laraba. Na dage. Ina da taurin kai, kuma a lokacin gani nake ilimin bokon da na yi a lakwal ne ke magana.

Na mayar da shi ƙauyenmu a ƙasar Droum. Can babu rezon salula sai a kan wani tudun rairayi bayan gari. Duk Laraba Baba ya hau tudun ya jira kira. Idan ta gama, ni ma in kira.

"Baba, yaya jiki?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

"Na ji kana haki."

"Tudun nan ne, kai ma ka san shi."

Sai in yarda, don yardar ta fi mini sauƙi. Na san sarai dattijon ƙauyenmu ba ya kai kukan jikinsa wurin ɗan da ya haifa, balle wurin mace baƙuwa ta waya. A gidan na tashi, amma na yi kamar ban sani ba.

Sai da aka fara yankan hatsi na je. A ƙofar ɗakinsa na ga takalmansa an tsaga gefensu da wuƙa. Na tambayi Inna.

"Ƙafar ce ta kumbura, wata biyu ke nan. Ya ce kar a faɗa maka, aiki ya yi maka yawa."

Ranar na ɗauko shi a mota, na mayar da shi likita. Ma'aikaciyar ta danna ƙafarsa da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Na kasa ɗaga kai in dube ta.

Kwana tara ya yi. Kafin ya cika ya riƙe hannuna yana sa mini albarka, wai na kula da shi. Har yau albarkar nan nauyi take yi mini.